Shin ƙarar motoci da kamannin titi suna taɓa lafiyar mai tafiya a ƙasa?

Wani bawan Allah mazaunin cikin birnin Kano ya aiko da tambaya mai rassa biyu. Ya ce kullum da ƙafa yake zuwa shagonsa a Kantin Kwari, kuma ya lura cewa ranar da ya bi bakin babban titi yakan isa da nauyin kai da ƙuncin rai, har ya riƙa yi wa yaran shago faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, amma ranar da ya ratsa ta lunguna, duk da cewa hanyar ta fi tsawo, yakan isa da sauran ƙarfinsa. Yana so ya san ko tunaninsa ne kawai, ko kuwa da gaske akwai abin da titi yake yi wa jikin mutum. Na biyu kuma, matasan unguwarsu suna haɗa kuɗi domin su dasa itatuwa a bakin titin da ya ratsa gabansu, da fatan itatuwan su tare musu ƙarar motoci, shi ne yake tambaya ko hakan zai yi.

Malam, abin da kake ji gaskiya ne, kuma masana lafiyar muhalli sun daɗe suna auna shi. Game da itatuwa kuwa, ina ba ku shawarar ku dasa, amma kada ku sa ran za su tare ƙara, domin amfaninsu ta wata hanya yake zuwa, kuma idan ba a fahimci wannan tun farko ba, bayan shekara uku masu ba da gudummawa za su ce an yi asarar kuɗinsu.

Bari mu fara da ƙarar ita kanta. Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin desibel, wanda lissafinsa yakan rikita mutane. Hirar mutum biyu da ke tsaye kusa da juna tana kaiwa wajen desibel 60, bakin titi mai cunkoso yakan kasance tsakanin 70 da 85, hon ɗin mota kuwa, idan aka danna shi daf da kai, yana iya haura 100. Wanda bai sani ba zai ce ai tsakanin 60 da 80 ba wani nisa, alhali ƙarin desibel 3 kacal yana nufin ƙarfin sautin ya ninka, ƙarin desibel 10 kuma shi ne abin da kunne yake ji kamar an ninka masa ƙarar. Saboda haka bakin titi mai desibel 80 kunne yana jinsa kamar ninki huɗu na hirar da aka saba. Wannan lissafi yana da wani sakamako marar daɗi ga masu tsara gari: ko da an kwashe rabin motocin da ke kan titi, desibel 3 kawai za a rage, wanda da ƙyar mai wucewa zai lura da shi.

A shekarar 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin ƙarar muhalli na yankin Turai, inda ta ba da shawarar kada matsakaicin ƙarar motoci na yini da dare ya wuce desibel 53, na dare kaɗai kuma kada ya wuce 45. Binciken da aka dogara da shi ya nuna cewa duk ƙarin desibel 10 na ƙarar titi yana tafiya da ƙarin kimanin kashi 8 cikin 100 na haɗarin ciwon toshewar jijiyoyin zuciya. Hukumar kula da muhalli ta Tarayyar Turai ta ƙiyasta a 2020 cewa ƙarar muhalli, wadda mafi yawanta ta motoci ce, tana da hannu a mutuwar wuri ta mutum 12,000 da sababbin masu ciwon zuciya 48,000 a kowace shekara a nahiyar. Waɗannan alƙaluma na mutanen da suke kwana suna tashi a bakin titi shekara da shekaru ne, don haka ba zan ɗora su kai tsaye a kan tafiyarka ta rabin awa ba. Waɗanda suka fi kama da su a wurinmu su ne mai tireda, da mai faci, da mai sayar da lemo, da jami'in ba da hannu, waɗanda suke wuni a bakin kwalta tun hantsi har magariba, ga shi kuma ƙa'idar wuraren aiki ta ce awa 8 a cikin desibel 85 ta isa ta fara lalata ji a hankali.

Yadda abin yake aiki a jiki shi ne, kunne ba ya rufuwa, kuma ƙwaƙwalwa tana ɗaukar ƙara mai ƙarfi da ta zo ba zato a matsayin alamar haɗari tun kafin mutum ya yi tunani a kanta. Nan take jiki yakan saki sinadaran fargaba, wato adirenalin da kotisol, bugun zuciya ya ƙaru, jijiyoyin jini su tsuke, tsokar wuya da kafaɗa ta ɗaure. Idan sau ɗaya ne, cikin mintuna kaɗan komai yakan koma daidai. Matsalar babban titi ita ce ba ya ba jiki wannan sarari, kafin tasirin hon ɗaya ya sauka wani ya biyo baya. Mutane da yawa sukan ce mini ai sun saba, ba ma sa jin ƙarar. Ɗan dako ma ya saba da buhu, amma sabon bai rage wa buhun nauyi ba, kuma bayansa ne yake biyan bashin. Gwaje-gwajen da aka yi a kan masu barci sun nuna cewa mutumin da ya ce ƙara ba ta tashinsa, bugun zuciyarsa yana hawa duk lokacin da babbar mota ta wuce, ko da bai farka ba.

Mai tafiya a ƙasa yana da wani nauyi na daban wanda na cikin gida da na cikin mota ba su da shi, kuma a ganina shi ne babban dalilin gajiyar da kake ji. Da kunnensa yake tsaron bayansa. A titin da ba a ware masa hanya ba, ko aka ware amma masu kasa kaya da masu ajiye motoci suka cinye ta, dole ya sauko kan kwalta, dole kuma ya riƙa tantance kowace ƙara: wannan hon ɗin ni ake yi wa, ko fasinja ɗan a-daidaita-sahu yake kira, ko kuwa gaisuwa ce tsakanin direbobi biyu? Ka tsaya wata rana a ƙarƙashin ɗaya daga gadojin saman cikin gari da la'asar, ka kalli fuskokin masu neman tsallakawa. Za ka ga uwa da goyo ta damƙe hannun ƙaramin yaro har yatsunsa sun yi fari, kanta yana juyawa hagu da dama ba tsayawa, tana magana da yaron amma shi bakinta kawai yake gani yana motsi, domin rufin siminti da ginshiƙan gadar suna dawo da ƙarar injuna ƙasa. Za ka ga dattijo ya sa ƙafa a kwalta ya janye, ya sake sawa ya janye. Babu wanda ya taɓa su, amma duk wanda ya ƙetare sai ka ga ya sauke numfashi. Irin wannan sa ido da sa kunne ba hutu yana cinye ƙarfin hankali, kuma mutumin da hankalinsa ya gaji shi ne mai saurin fushi, abin da yaran shagonka suke karɓa ke nan.

Akwai kuma asarar da ba a cika lissafawa ba, wato ta magana. Da ƙara ta haura desibel 70 sai mutum ya ɗaga murya kafin na kusa da shi ya ji, kuma gaisuwar da sai an yi ihu ba ta yin tsawo, ɗaga hannu kawai ake yi a wuce. A ƙarshen shekarun 1960 wani masanin tsara birane mai suna Donald Appleyard ya kwatanta tituna uku masu kama da juna a birnin San Faransisko na Amurka, waɗanda yawan motoci ne babban bambancinsu. A titin da motoci kimanin 2,000 suke bi a rana, kowane mazauni yana da abokai kusan 3 a kan layin, a titin da motoci kimanin 16,000 suke bi kuwa, matsakaicin bai kai aboki ɗaya ba, kuma da aka ce su zana iyakar abin da suke ɗauka nasu ne, wasu cikin ɗakinsu kawai suka zana. Wanda ya ga yadda majalisar hirar dattawa take watsewa bayan an faɗaɗa titin unguwa ya san wannan ba sai an kawo masa alƙaluma ba.

Sai mu zo ga ido. A 1984 wani mai bincike mai suna Roger Ulrich ya wallafa binciken da ya yi a bayanan wani asibiti a jihar Pennsylvania ta Amurka, inda ya gano cewa waɗanda aka yi wa tiyatar maɗaciya kuma tagarsu tana kallon itatuwa sun riga masu kallon bangon bulo barin asibiti da kusan kwana guda, sun kuma buƙaci ƙarancin maganin ciwo mai ƙarfi. Wanda ya fi kusa da tambayarka shi ne aikin da aka yi a birnin Filadelfiya na Amurka, wanda aka wallafa a 2018. An ɗauki kangaye 541 a cikin unguwanni, aka yi ƙuri'a, wasu aka kwashe musu shara aka shuka ciyawa da 'yan itatuwa aka kewaye da gajeren shingen katako, wasu aka share su kawai, wasu aka bar su yadda suke. A cikin mazauna kusa da kangayen da aka shuka, yawan masu cewa suna jin baƙin ciki da mutuwar jiki ya ragu da fiye da kashi 40 cikin 100, kuma raguwar ta fi yawa a unguwannin matalauta. Ina ba wannan bincike nauyi fiye da saura saboda ƙuri'ar, domin ta rufe bakin mai cewa ai dama masu kuɗi ne suke zama inda ake da itatuwa, kuma kuɗin ne ya ba su lafiya.

Kamannin titi bai tsaya ga kore ba. Jan Gehl, masanin gine-gine ɗan ƙasar Denmark, ya shafe shekaru yana kallon yadda mutane suke tafiya a Kopenhagen da wasu birane, kuma ya nuna cewa mai tafiya a ƙasa, wanda gudunsa bai wuce kilomita 5 a awa ba, idonsa yana bukatar sabon abin kallo a kowane 'yan taku, kuma a gaban dogon bango marar ƙofa ko taga mutane sukan ƙara sauri, ba sa waiwaye, ba sa tsayawa. Ka kwatanta hanyoyinka biyu. A lungu, cikin taku ɗari za ka wuce ƙofar zaure, da dakali, da tagar mai ɗinki, da masallacin unguwa, da mai ƙosai, da yara 'yan makarantar allo, kuma kowace kwana tana ɓoye maka abin da ke gaba har sai ka isa. A babban titi kuwa, musamman inda sababbin gine-gine suka juya wa hanya baya, katanga ce mai tsawon mita ɗari biyu da waya mai ƙaya a samanta, ƙarshen tafiyar yana gabanka tun daga nesa, ba ya kuma matsowa. Shi ya sa hanya mai tsawo take yi maka gajarta. Ƙofofi da dakalai suna kuma nufin akwai idanu a kan hanya, abin da ya fi muhimmanci ga mata da 'yan mata, waɗanda sau da yawa sukan zaɓi hanya ne bisa inda ba za su kasance su kaɗai ba.

A ƙasarmu ba a raba kamannin titi da zafin rana. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano yake kaiwa digiri 40, kwalta da siminti da suka sha rana sun fi iskar zafi nesa ba kusa ba, kuma suna mayar wa mai tafiya wannan zafi daga ƙasa. Lungu mai ƙunci yana cikin inuwar katangunsa mafi yawan yini. Wani kaso na nauyin kan da kake ɗora wa ƙara, na rana ne.

Yanzu ga batun itatuwan matasanku. Sauti yana ratsa ganye cikin sauƙi, musamman rugugin injin tirela da tifa, wanda yake da kauri. Layi ɗaya na darbejiya a bakin titi, idan aka sa na'ura aka auna gabansa da bayansa, bambancin ba zai taka kara ya karya ba. Kafin itatuwa su rage ƙarar da kunne zai shaida, sai an sami kurmi mai duhu tun daga ƙasa har sama, mai faɗin mita gommai, abin da babu filinsa a cikin gari. Abin da yake tare sauti shi ne abu mai nauyi marar huda wanda ya shiga tsakanin kunne da taya, kamar katanga, ko tudun ƙasa, ko jerin gidaje, kuma wannan shi ne sirrin shirun lungu: gidajen da ke bakin titi su ne suke shanye ƙarar a madadin na bayansu.

Duk da haka, bincike da dama a Turai da Asiya sun yi ta samun abu guda, cewa idan mutum biyu suna cikin ƙara mai desibel ɗaya, wanda yake ganin kore ya fi wanda yake ganin siminti ƙarancin jin ƙarar ta dame shi. Kunne da ido tare suke yanke hukunci a kan wuri. Itace yana ɓoye wani ɓangare na motocin, yana kawo inuwa, yana kawo tsuntsaye da motsin ganye, waɗanda sauti ne da ƙwaƙwalwa ba ta ɗauka a matsayin barazana. Wani gwaji da aka yi a Suwidin a 2010 ya nuna cewa bayan an tayar wa mutane hankali da lissafi mai wuya, jikinsu ya fi saurin kwantawa idan suna sauraren ruwa da tsuntsaye fiye da idan suna sauraren ƙarar titi. A New York akwai wani ɗan ƙaramin lambu mai suna Paley Park da aka buɗe a 1967, wanda aka sa wa bangon ruwa mai zubowa, ruwan yana da ƙara sosai, amma mutane suna shiga su huta domin ya danne ƙarar motoci. Sai dai a kiyaye da wannan hujja, kada ta zama uzuri ga masu iko: ado yana rage ɓacin rai, amma desibel 85 a ƙarƙashin inuwa yana nan a 85 ɗinsa, kuma kunnen mai facin da ke wurin ba ya samun rangwame.

Ƙara a tushenta ake rage ta. A ƙananan motoci, da gudu ya wuce kilomita 30 zuwa 40 a awa, gogayyar taya da kwalta ce take fin injin ƙara, don haka sauko da gudu daga 50 zuwa 30 yana rage kusan desibel 3, daidai da kwashe rabin motocin ba tare da an hana kowa wucewa ba. Brussels da Paris duk sun mayar da 30 iyakar gudu a mafi yawan titunansu a 2021, kuma rage ƙara yana cikin dalilan da suka bayar, bayan rage haɗari. A titunanmu, inda cunkoso ya riga ya rage gudu da rana, masu laifin sun bambanta: hon, da fasasshiyar salansa, da tsohon injin da ake taka wa wuta, da babbar mota guda wadda ƙararta takan kai ta ƙanana goma, sannan janareta da lasifikar masu talla a gefe. Hon ya fi su duka cutar da mai tafiya, domin ba a sanin lokacin zuwansa, kuma an ƙera shi ne musamman don ya firgita. Katmandu, babban birnin ƙasar Nepal, ta hana danna shi ba dalili a 2017, Legas ta fara ware ranar hana hon a watan Oktoban 2014, 'yan sandan birnin Mumbai na Indiya kuma sun taɓa gwada danjar da take sake ƙirga jan wuta daga farko idan ƙarar hon ta wuce desibel 85. Najeriya tana da ƙa'idojin kayyade ƙara na NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli, tun 2009, don haka mai ƙorafi yana da dokar da zai kafa hujja da ita. Tudun rage gudu da unguwanni suke ginawa da kansu kuwa, a yi hattara da shi, domin idan ya yi tsini yakan ƙara hayaniya: birki, da karo, da bugun bodin tifar da ba kaya, sannan taka wuta daga baya.

A wurinka kai kanka, ka ci gaba da bin lungu duk ranar da lokaci ya ba ka dama, mintunan da ka ƙara ba asara ba ne. Inda babu makawa sai babban titi, ka bi gefen da yake da inuwa, ka nisanci bakin kwalta gwargwadon iko, domin 'yan mitoci kaɗan suna rage kaifin hon da hayaƙi, kuma kada ka toshe kunne da abin sauraren waya, tunda sai ka ƙure sautin kafin ya danne titi, ka haɗa wa kunnenka ƙara biyu, ka kuma rasa abin da yake gaya maka babur yana bayanka. Lungun ma ba a bar shi haka ba: babura da a-daidaita-sahu masu gudun cunkoso suna kutsawa cikinsa, kuma a tsakanin katangu biyu na siminti ƙarar babur guda tana cika wuri. Kwata a buɗe da juji a kwana suna iya kwashe duk daɗin da inuwa ta kawo, kuma gyaransu ya fi dashen itace sauƙi da saurin nuna sakamako.

Su kuma matasan, su dasa itatuwan a tsakanin kwalta da inda mutane suke takawa, ba a jikin katanga ba, domin a nan ne itace yake zama shinge tsakanin mutum da mota, kuma layin itatuwa daf da titi yana sa hanya ta yi wa direba ƙunci a ido har ya sassauta gudu. Su bar tazarar da rassa za su haɗu idan sun girma, wajen mita 6 zuwa 8 ga darbejiya, wadda ta riga ta nuna juriyarta ga ƙasarmu tun daga titunan Maiduguri har zuwa zoben itatuwan da aka fara kewaye Yamai da shi a 1965. Su nisanta ramukan daga lambatu da wayoyin lantarki, su nemi izinin hukumar da ke kula da titin kafin su haƙa, su dasa a farkon damina. Su kuma ware kaso mai tsoka na kuɗin domin kejin kariya daga awaki da ladan mai ban ruwa na rani biyu na farko, su damƙa kowane itace a hannun mai shago ko mai gidan da yake gabansa, tunda shi ne zai fara zama a inuwarsa.